Neman aikin raino a Abuja: ta ina ake farawa?

Maman Walida: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah shawara nake nema. Ina zaune a Mararaba wajen yayana, ina so in samu aikin raino a gidan ma'aikata a cikin Abuja, inda uwa da uba duk suke fita aiki. Na reni nawa har sun shiga makaranta, na reni na 'yan uwa, amma ban taɓa yin na albashi ba. Wata ta ce in kai sunana wajen dillaliya, wata ta ce kamfanonin samar da aiki sun fi. Wanda ya san hanya ya taimaka.

Iya ta Kubwa: Wa alaikumus salam 'yata. A wannan sana'ar na yi furfura, don haka ki saurare ni. Gidan kirki ba kasafai yake kaiwa ga talla ba, tun a bakin mata ake gama maganarsa. Uwar da za ta bar miki jinjiri ta tafi ofis tun safe, abin da take nema shi ne wadda wani nata ya sani. Ki fara da malamar Islamiyyarku, da mai kitso, da matan abokan aikin yayanki. Ki faɗa musu dalla-dalla: raino kike nema, na jariri ko na 'yan makaranta, kwana za ki yi ko wuni. In kika ce "kowane aiki ne ina so", za a kai ki inda za ki yi wanki da girki da shara da raino a kuɗin mutum ɗaya.

Anti Nas: Gaskiya Iya ta faɗa. Bari in ƙara da abin da nake gani a asibitin da nake aiki. Hutun haihuwa wata uku ne zuwa huɗu a yawancin ma'aikatu. Riga-kafin jarirai kuma ana dawowa a sati 6, sati 10 da sati 14. To a zuwan sati 10 da na 14 ɗin nan ne za ki ga hankalin uwa ya tashi, hutu ya zo ƙarshe, kakar da ta zo wankan jego za ta koma gida, ba a samu mai riƙe yaro ba. Mu suke tambaya, "Sista ko kin san wata mai amana?" Kada ki je kina tare mata a layi, ba za su sake da ke ba. Ki gabatar da kanki ga ma'aikatan sashen riga-kafi na asibitin da ke kusa da ke, su san fuskarki, ki bar musu lambarki. Haka ma gidajen rainon yara na kuɗi, sukan san iyayen da suka fi son a riƙe musu yaro a gida.

Ummu Hanif: Ni abin da ya tsaya min a rai shi ne Mararabar nan. Yaya, kin lissafa hanya kuwa? Matar da za ta kasance a Sakateriya ƙarfe 8 tana so ki iso tun kafin 7. Cunkoson Nyanya zuwa shataletalen AYA da safe kowa ya san shi, ga kuɗin mota da ya tashi tun da aka cire tallafin mai a 2023. In kika karɓi gida a Gwarinpa ko Jabi kina zuwa kina komawa kullum, albashin a hanya zai ƙare. Ki nemi Karu, Nyanya, Jikwoyi, iyaka Asokoro. In kuwa gida mai nisa ne, ki yi maganar kwana daga Litinin zuwa Juma'a, ki dawo wajen yaranki ƙarshen mako.

Maman Walida: Allah ya saka da alheri. Wallahi ban yi tunanin hanyar ba. To maganar dillaliya fa?

Iya ta Kubwa: Akwai masu tsoron Allah a cikinsu, ba zan yi musu kuɗin goro ba. Sharaɗi ɗaya ne: la'ada sau ɗaya ake biya, kuma a san adadinta tun farko. Wadda ta ce albashinki ta hannunta zai riƙa bi duk wata, ki yi mata godiya ki tashi. Na ga matan da suka shekara suna aiki ba su san nawa uwar gida take biya ba. Ki buɗe asusu da sunanki, ko OPay ne ko Moniepoint, kuɗin ya riƙa shigowa wayarki.

Baban Sadik: Hajiya Iya, a yi min izini in sa baki ta ɓangaren doka. Kamfanin da ke samar wa mutane aiki dole ya kasance da lasisi daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, kuma ba laifi ba ne ki ce a nuna miki. Ki ga ofishinsu da idonki. Wanda ya ce ki turo kuɗin fom ta waya kafin ku haɗu, ko ya ce ki zo otal a tantance ki, ki rabu da shi. Kada ki ba kowa ainihin takardunki ya riƙe, kwafi kawai. Masu cewa za su kai ki raino Oman ko Iraƙi ko Labanan ba tare da kin biya ko sisi ba, bashi ne suke ɗora miki, kuma irin wannan ƙarar ta cika ofishin NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane. Sai albashi. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne tun 2024, amma dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, don haka gidaje ba sa ciki. Duk da haka ma'auni ne mai kyau da za ki riƙe a ranki lokacin ciniki. Tunda doka ba ta yanka miki ba, rubutu ne garkuwarki: aikin da za ki yi, lokacin shiga da tashi, ranar hutu, ranar biya, wa zai biya magani in kin yi ciwo, da kwana nawa za a sanar kafin a rabu. Ko a saƙon WhatsApp ne, in dai kowa ya amsa, ya zama shaida.

'Yar Gwarinpa: Ni uwa ce mai aikin banki, bari in faɗi yadda muke gani daga namu ɓangaren, don kada a ɗauka duk mugunta ce. Abin da nake fara tambaya shi ne NIN da mutum biyu da za su tsaya mata, mutanen da zan iya zuwa gidansu ko wajen aikinsu. Yayanki ɗaya ne, ki nemi na biyu, limami ko malama ko mai unguwa. Sannan ina kallon yadda take ɗaukar yaro, ko ta wanke hannu kafin ta taɓa shi, da irin tambayoyin da take yi. Wadda ta tambaye ni lokacin barcinsa, abin da ba ya ci, da lambar da za ta kira in ba ta same ni ba, ta riga ta shiga raina. Kuma don Allah a bar ɗora hoton yaran mutane a TikTok da sitatus. Wannan kaɗai ya raba mutane da aikinsu. Ni dai ina sa a yi gwajin asibiti gaba ɗaya, har da HIV.

Baban Sadik: Hajiya, a nan sai a yi hattara. Dokar hana wariya ga masu ɗauke da HIV ta 2014 ta hana a mai da gwajin sharaɗin ɗaukar aiki.

Anti Nas: Kuma ɗaukar yaro da ba shi abinci ba sa yaɗa shi. In lafiyar jariri ake ji, tarin fuka ne abin dubawa, tunda a iska yake tafiya, kuma gwajinsa da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati. Maman Walida, in kina da tarin da ya wuce sati biyu ki je a duba kafin ki fara. Sannan ga inda masu ƙwarewa irinki suke samun saɓani da iyayen zamani. Yadda muka taso daban ne da abin da ake koyarwa yanzu. Jaririn da bai kai wata shida ba, nono zalla ake so, ko ruwa ba a ba shi. Uwa za ta tatsa ta bar miki. A waje kada ya wuce awa huɗu, a firij yana kai kwana huɗu, kuma a cikin ruwan ɗumi ake tsoma kwalbar, ba a ɗora shi a wuta. Ba a ba ɗan ƙasa da shekara zuma. A rigingine ake kwantar da shi. Kada ki ba shi jiƙo ko tsimi ko maganin mura, ko da da kyakkyawar niyya, sai uwar ta sani. Ki iya haɗa ORS, wato ruwan gishiri da sukari na gudawa, ki iya duba zafin jiki da ma'auni. In kin samu hali ki yi kwas ɗin taimakon gaggawa na Red Cross, ki koyi abin yi in abinci ya shaƙe yaro. Takardar nan tana ɗaga darajarki sosai a wajen ciniki.

'Yar Gwarinpa: Na karɓi gyara a kan gwajin. Amma kyamara kam ina da ita a falo, kuma ina faɗa tun ranar farko.

Iya ta Kubwa: Ta falo ba ta dame ni ba, sau da yawa ma ita ke wanke mai raino in yaro ya faɗi. Ta ɗakin kwana da banɗaki ce ban yarda da ita ba. 'Yata, in kwana za ki yi, ki ce a nuna miki inda za ki kwanta kafin ki amsa. Ƙofar tana da sakata? Akwai samari a gidan? Za ki samu lokacin salla? Abincin da suka ci za ki ci? Ba rashin kunya ba ne, ki tambaya cikin ladabi. Kuma yayanki ya raka ki ranar farko, ya gaisa da maigidan, ya ga gidan. Ana ganin kina da gata, mu'amala takan canza.

Maman Abba: Ku gafarce ni na shigo tsakiya. Akwai 'yar ƙanwata a ƙauye, shekararta 13, tana da hankali sosai. Ko ita ma za a iya samo mata?

Baban Sadik: Yaya, don Allah a bar ta a makaranta. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003, wadda ke aiki a Abuja, ta hana a sa yaro aikatau a wajen gidansu ko danginsa, kuma yaro a dokar shi ne wanda bai kai 18 ba. Dokar yaƙi da safarar mutane ta 2015 ta mai da ɗaukar ɗan ƙasa da shekara 12 aikin gida laifin da ake ɗaure mutum a kai.

Ummu Hanif: Ban da doka ma, ita kanta raino take buƙata. In jariri ya shiɗe a hannunta ba kowa a gida, me za ta yi? Kuma laifin a kanta zai ƙare. In halin gida ne ya matsa, a nema wa uwarta ko babbar yayarta, mu taya.

Maman Abba: Haka ne. Zan yi magana da uwar.

Maman Walida: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ina da NIN, zan yi wa malamarmu magana ta tsaya min. Abu ɗaya ya rage: wata ta ce wasu gidajen sukan ce a yi satin gwaji tukuna. In yarda?

Iya ta Kubwa: Ki yarda, ke ma gwada su kike yi. Amma a biya ki kuɗin satin, ko an ci gaba ko ba a ci gaba ba, kuma a faɗi adadin tun kafin ki fara.

Anti Nas: Ki turo min saƙo ta gefe da unguwannin da za ki iya zuwa da kuma ko za ki kwana. Akwai abokiyar aikina a Karu da za ta koma aiki ƙarshen wata, tana aikin dare wani satin, don haka sai kin shirya kwana a ranakun. Zan fara tambayarta tukuna kafin in haɗa ku.