Allunan nuna hanya ga masu tafiya a ƙafa

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Jama'a, me za mu rubuta a alluna don mutanen Katsina su riƙa takawa maimakon hawa acaɓa?

Mai zanen allo: Malam, rubuta minti, ba kilomita ba. Babba kan taka kusan mita 400 cikin minti 5, sai ka auna ka lissafa: kibiya, "Hasumiyar Gobarau, minti kaza". Baƙin rubutu kan fari, boko da ajami. Jan fenti rana na saurin cinye shi.

Ma'aikaciyar lafiya: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya riƙa matsakaicin motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, wato minti 30 sau 5. Amma a nuna hanya mai inuwa.

Magini: Kowace mahaɗa a kafa allo, in an tsallake ɗaya baƙo ya ɓace. Gindin turken a zuba kankare, ko iskar damina ta kwantar da shi.