Ɗan haya ya gudu min da katifa, wai da a Ingila ne har Ostareliya za a kai shi?

Hajiyar Garwa:
Salamu alaikum jama'a. Wani yaro na ba haya, ɗaki da kayansa, katifa da fanka da labule, wata uku bai biya ba kullum sai Hajiya a yi haƙuri, ranar Talata na leƙa na ga ɗaki wayam, ko bokitin wanka bai bar min ba. Ƙanena yana ta min dariya wai da a Ingila ne zamanin Sarauniya Biktoriya da tuni an sa shi a jirgin ruwa sai Ostareliya. Gaskiya ne ko tsokanarsa ce?

Malam na Marwa:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Bai yi ƙarya ba amma ya ƙara gishiri. Sarauniya Biktoriya ta hau mulki 1837 ta rasu 1901, a farkon zamaninta kam ana iya tura mutum can shekara 7 kan sata ƙarama, amma jirgin fursunoni na ƙarshe ya isa Ostareliya a 1868. Dokar sata ta 1861 ta yi magana musamman kan ɗan haya da ya ɗauke kayan ɗakin da aka ba shi, ɗauri har shekara 2, in kuma kayan sun wuce fam 5 zai iya shan shekara 7 da aikin wahala. Kayan ma ba wasu na a zo a gani ba ne, zanen gado, bargo, dutsen guga, kuma yawanci jingina suke kai su don su samu na abinci da niyyar fansowa ranar Asabar in an biya su lada, to in maigida ya riga su lura shi ke nan, mai shagon jinginar ne zai zo kotu da kayan ya ba da shaida.

Ɗan Injamena:
Malam ka bar wajen da ya fi shafar Hajiya. Lokacin fa mai kaya ne da kansa ke shigar da ƙara, shi zai nemo shaidu ya bar sana'arsa ya yi ta zirga-zirga, ofishin babban mai gabatar da ƙara ma sai 1879 aka kafa shi, shi ya sa a 1855 aka ba ƙananan alƙalai damar yanke satar da ba ta wuce sule 5 ba nan take. Da yawa in bargonsu ya dawo sai su haƙura. Hajiya kafin ki je kwamisariya, wato ofishin 'yan sanda, zagaya wajen 'yan gwanjo tukuna, katifa ba ta shiga aljihu.

Hajiyar Garwa:
Ashe wahalar tsohuwa ce. Na gode 'yan uwa. Gobe da sassafe zan aika yarana kasuwa, katifar akwai ƙunar dutsen guga a gefe ɗaya, ko cikin ɗari zan gane ta. Kawunsa kuma da ya tsaya masa ina da lambarsa.