Yoga a makarantun Amurka: motsa jiki ne ko ibada?

Tsohon Hedimasta: Jama'a, a 1993 hukumar ilimi ta jihar Alabama ta haramta yoga, wato wani salon motsa jiki da nitsar da tunani mai asali daga Indiya, a makarantun gwamnati, sai a 2021 Gwamna Kay Ivey ta sa hannu a dokar da ta ɗage haramcin, bisa sharaɗin ba za a rera baitocin ibada ba, ba za a yi gaisuwar "namaste" ba, kuma kowane salon zama ko tsayuwa da sunan Turanci za a kira shi. Ni a ganina an tsame addini, abin da ya saura miƙe gaɓoɓi ne kawai.

Maman Yara: Baba Hedimasta, da girmanka, wannan canza wa tuwo suna ne. Ita wannan dokar ai ta wajabta wa iyaye sa hannu a takardar da ke cewa sun san yoga ɓangare ne na addinin Hindu. Idan an wanke abin tas, mene ne amfanin takardar?

Ɗalibin Lauya: Hajiya, kotu ta taɓa duba irin wannan ƙorafi. A Encinitas da ke jihar Kalifoniya wasu iyaye sun kai ƙara, alƙali kuma ya yanke hukunci a 2013 cewa tushen yoga addini ne, amma yadda ake koyar da shi a makarantun garin ba koyar da addini ba ne, kuma kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hakan a 2015. Abin da kotu ta auna shi ne abin da yaro ke gani da ji a aji, ba tarihin abin ba.

Maman Yara: To, ɗana, abin da yaro ke gani nake nufi. Ɗan shekara bakwai ya ɗaga hannuwa sama, ya sunkuya, ya kifa ƙirji a tabarma, a jerin motsin da asalinsa gaisuwa ce ga rana. Jiki yana riƙe abin da ya saba tun kafin hankali ya tambayi ma'anarsa, mu da muke koya wa yara ruku'u da sujada tun ba su iya karatu ba mun san haka.

Tsohon Hedimasta: Kin kama ni a nan, Hajiya, ko da yake sunkuyo ba tare da niyya ba ba ya zama sujada. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne wasu mabiya Hindu a Amurka su ma suna ƙorafi, amma nasu ƙorafin shi ne ana raba yoga da addininsu. Ɗalibin Lauya, su kuma wace amsa doka take da ita a gare su?