Hoton ƙawa na farko ranar Asabar: in kama situdiyo ko in tsaya a bakin taga?

Sabon_Hannu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga ni shiga harkar nan. Na jima ina ɗaukar furanni da gine-gine da 'yan gidanmu, amma ranar Asabar mai zuwa zan yi hoton ƙawa na farko, irin wanda ake cin ado da kwalliya a fito da kyan fuska da sutura. Wadda zan ɗauka ta taɓa yin tallan kayan ƙawa, ta ma fi ni sanin aikin. Babu kuɗi tsakaninmu, ita ta ba da lokacinta, ni in ba ta hotuna.

Abin da nake da shi: ƙaramar kyamarar Canon, madubin kyamara (lens) na 18-55mm da ta zo da shi, da madubin 50mm f/1.8 (lambar f ita ke nuna yadda madubi yake buɗewa, ƙaramar lamba ta fi buɗewa), sai filashi ɗaya da ban saba da shi ba. Kuɗin hannuna abu ɗaya kawai zai yi. Ko in kama situdiyo mai manyan fitilu na awa biyu, ko in biya mai kwalliya mu yi aikin a wani ɗaki mai babbar taga da aka ara mini. Ba ni da halin sayen sabon kaya yanzu, don Allah a lura da wannan. Wanne za ku zaɓa? Kuma idan ta tsaya gaban kyamara, me zan ce mata? Wannan ne ma ya fi damuna.

Kyaftin_85:
Wa alaikumus salam. Ka sayi madubin 85mm, magana ta ƙare. Babu hoton ƙawa sai da shi. In da hali ka canza kyamarar ma.

MaiLema:
Haba Kyaftin, bawan Allah ya ce ba shi da halin sayen komai. Kuma ƙananan kyamarorin Canon ana ninka tsawon madubi da 1.6 ne, wato 50mm ɗinsa yana ba shi faɗin gani irin na 80mm. Ai ya riga ya iso unguwarku.

Ƙanena, abin da ke kumbura hanci da goshi a hoto kusanci ne, ba lambar madubi ba. Ka ja baya kamar mita biyu. Kada kuma ka buɗe shi gaba ɗaya a f/1.8 don son bayan hoto ya narke. Da ta ɗan karkata fuska, ido ɗaya zai fito tar, ɗayan ya dushe. Ka tsaya tsakanin f/2.8 da f/4, ka sa saitinka a kan idon da ya fi kusa da kai. Ni taga zan zaɓa. Hasken da kake gani da idonka kafin ka danna ya fi wanda sai ya walƙa sannan ka san abin da ya yi.

Gwanin_Gefe:
Kyaftin ko ciwon kai ka kai masa ƙara, 85mm zai rubuta maka, safe da yamma bayan cin abinci.

Baba_Situdiyo:
Yaro, ka kama situdiyo. Taga ba ta da alkawari, gajimare ɗaya ya gifta komai ya canza. A situdiyo kai ke da rana a hannunka. Ka sa ISO (ƙarfin jin hasken kyamara) a 100, f/8, saurin ɗauka kada ya wuce 1/200 na sakan, don in ka wuce nan da filashi baƙin layi zai cinye gefen hoton. Fitila ɗaya ta ishe ka: ka ɗaga ta sama da kanta kaɗan, daidai gaban fuska, har ka ga 'yar inuwa a ƙarƙashin hanci, sai a riƙe farin allo a ƙasan haɓa. Hasken da aka san hotunan taurarin Hollywood da shi ke nan tun shekarun 1930, zamanin masu hoto irin su George Hurrell. Mai kwalliya kuwa kuɗinta bai kai rabin na situdiyo ba, ka lallaɓa ka haɗa duka biyun.

Ummu_Kwalliya:
Baba, da girmanka, amma wannan lissafin na da ne. Kwalliyar hoto ta ƙwarai takan fi awa biyun situdiyo tsada, saboda ba a yi a tafi ba ne, zama ake yi ana goge ƙyalli ana gyara gira har a tashi. Ni sana'ata ke nan.

Ɗan'uwa, ko wa za ta yi mata kwalliyar, ka ce a guji farar hodar nan mai silika da yawa. A ido ba ka ganin komai, amma filashi na bugunta sai ƙasan ido ya fito fari fat. Ka ɗauki gwaji ɗaya kafin mai kwalliya ta rufe jakarta. Ka kuma ware aƙalla awa guda don kwalliya kaɗai. In a situdiyo za a yi ta, rabin lokacinka ya tafi ba ka danna komai ba.

Kyaftin_85:
Wace tsada? Sabbin masu kwalliya kyauta suke yi in za ka ba su hoto. Ni ban taɓa biya ba.

Ummu_Kwalliya:
Shi ya sa muke jin labarinku. Kayan da take shafawa hoto ne ya saya mata?

Anti_Mai_Kyamara:
Duk kuna ta maganar fitila da madubi, babu wanda ya tambayi yaron nan ko sun rubuta wani abu. Ƙanena, "babu kuɗi tsakaninmu" ɗin nan da ka faɗa ita ce ta sa na kasa wucewa.

Irin wannan yarjejeniyar na yi da wata a farkon aikina. Yarinya mai fara'a, baƙa kyakkyawa, fatarta na ɗaukar haske yadda ba ka buƙatar wahala. Mun yi aiki lafiya, muka rabu da dariya. Da daddare ta fara kira, wai in turo mata ta gani ko ba a gyara ba, ita kaɗai za ta kalla. Na tura mata da yawa, har da waɗanda na ɗauka tun kafin a yi kwalliya don gwada haske. Bayan wani lokaci wata ƙawata ta turo mini hoto tana tambaya, "Wannan ba aikinki ba ne?" Tallan man bilicin ne. Sun ɗauki hoton gwajin nan, fuska ba kwalliya, haske bai daidaita ba, suka sa a hagu wai kafin a shafa. A dama suka sa mafi kyawun hoton da na ɗauka ranar, sun wanke fatar da kwamfuta har ba ka gane mai ita, wai bayan an shafa. Sunana da na sa a ƙasa bai gama yankuwa ba, ana iya karanta shi.

Na kira ta, ta ce fuskarta ce, tana da ikon sayar da ita. Na nemi masu man, suka ce sun biya ta, in je in yi da ita. Na ce hoton nawa ne, ni na ɗauka, suka ce ina takarda? Abin da ya fi ƙona mini rai ba kuɗin ba ne. Wata mata da muka riga muka yi magana zan ɗauki 'yarta ta fasa, ta ce ba za ta kai yarinya wurin mai mayar da mutane farare ba. Ni da ban taɓa ƙara wa kowa hasken fata ba. Har yau in na ga tallan irin man nan sai gabana ya faɗi.

Don haka kafin Asabar ku zauna ku rubuta, ko a shafi ɗaya ne: hotuna nawa za ka ba ta gyararru, yaushe, ina da ina kowannenku zai iya sa su, ba a sayar wa kowa sai da yardar ku biyu, ba a sake musu gyara. Ku rubuta irin suturar da za a sa da iyakar da ba za a wuce ba, don kada ranar wani ya ce ba haka aka yi ba. Ka ga katin shaidarta da idonka, ka tabbata ta cika 18. Ku sa hannu, kowa ya riƙe nasa. Wanda ba ka gyara ba kuma kada ya bar kwamfutarka.

MaiLema:
Subhanallahi. Allah ya saka miki, Anti.

Hasken_Dare:
Sannu Anti, amma ni ina ganin takarda tana tsorata mutane. Aikin zumunci ne, ka fito da takarda sai ta ga kamar ba ka yarda da ita ba. Saƙon waya ma ya isa.

Anti_Mai_Kyamara:
Wadda ta taɓa yin talla ta saba sa hannu. Takardar ita ma kariya ce gare ta, don shi ma ba zai iya kai fuskarta inda ba ta so ba. In ta ƙi, gara ya sani tun yau.

Baba_Situdiyo:
Mu da muka fara da fim ba mu san wannan fitinar ba. Nagatif yana cikin durowarka, wa zai taɓa? Yanzu kowa ya kalli bidiyo biyu a YouTube ya zama malami, har masu shafa hoda suna koya mana hoto.

Ummu_Kwalliya:
Baba, mai shafa hodar nan ta tsaya a bayan masu hoto da yawa, ta ga wanda ya iya da wanda bai iya ba. Kuma ita ake gaya wa gaskiya bayan an tashi. Kun san abin da 'yan matan suka fi kuka da shi? Ba haske ba ne. Mai hoto ya miƙo hannu ya gyara gashi ko wuyan riga ba tare da ya tambaya ba. Ko ya yi shiru yana kallon bayan kyamara yana ɓata fuska, ita kuma tana tsaye tana zaton ita ce ba ta yi kyau ba.

Sabon_Hannu, tambayarka ta biyu ke nan da kowa ya tsallake. Kada ka taɓa ta, ko da yatsa. Abin da kake so ka yi shi da jikinka ta gani, ko ka ce mai kwalliya ta gyara. Ka ce ta zo da wanda ta yarda da shi, kada ku kasance ku biyu a ɗaki. Ka riƙa magana: juyo da kafaɗa wajen taga, sauke haɓa kaɗan, kalli hannuna, yawwa haka. Kada ka ce dama ko hagu, damarka hagunta ce, rikicewa za ku yi. In hoto ya yi kyau ka nuna mata, nan take za ka ga jikinta ya saki.

MaiLema:
Wannan ita ce magana. In ƙara: ka tara hotuna kamar goma na irin tsayuwar da kake so, ka tura mata tun yanzu ta faɗi waɗanda ta yarda da su. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka sami wani a gida ya zauna maka a bakin tagar nan daidai lokacin da za ku yi aikin, ka ga inda hasken yake faɗuwa. In rana na shigowa kai tsaye, ka rataya farin yadi marar kauri. Ka kashe fitilar ɗakin, don kalarta daban da ta rana, in suka haɗu gefen fuska ɗaya zai yi ja. Ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba.

Baba kuma, mai hoto Seydou Keïta na Bamako yawancin hotunansa da hasken rana ya yi su, ga shi har yau ana baje su a manyan gidajen tarihi na duniya.

Baba_Situdiyo:
Shi wannan ya shekara nawa yana karantar rana kafin ya kai haka? Kai da kake kawo sunansa, nuna mana naka mu gani.

Gwanin_Gefe:
Yaro ya zo tambayar hanya, an tare shi ana dambe a kansa. Ka dai cika batir, ka duba memori na ciki, ka cire murfin madubi. Sauran sai addu'a.

Sabon_Hannu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti, na tura mata maganar takarda, ina jiran amsa. Na kuma kira situdiyon, sun ce awa biyun har da lokacin kafa fitilu da kwashewa, kuma in ina son wanda zai nuna mini yadda ake sarrafa su, kuɗinsa daban. To yanzu in na zaɓi taga, filashin nawa in bar shi a gida ko in zo da shi?

Hasken_Dare:
Wane irin situdiyo ne wannan? Inda nake zuwa mai nuna fitila cikin kuɗin yake, har rabin awa suke ƙarawa kyauta. Cutarka za su yi.

Kyaftin_85:
Ko'ina daban ake biya. Kai dai an san ka ne.

Zinariya_Baƙa:
Ni ba mai hoto ba ce, gaban kyamara nake tsayawa, kuma labarin Anti ya taɓo mini inda ke mini ciwo. Ku masu hoto ma kuna yin abin da masu man nan suka yi, ba tare da an sa ku ba. Sau da yawa ana turo mini hotona in ga wata daban. An share tabon da ke gefen girata, an rage hancina, wuyana da hannuna kala biyu. Ban roƙa ba. Ƙurjin da ya fito jiya ka cire, na yarda, gobe ma ba ya nan. Amma kalar da aka haife ni da ita fa?

MaiLema:
Gaskiyarki. Wani lokacin tun daga kyamara abin yake farawa. Ma'aunin haskenta yana ƙoƙarin mayar da duk abin da ya cika hoton zuwa tsaka-tsaki, don haka in baƙar fata ta cika firam sai ya ƙara haske da kansa, fuska ta fito toka-toka. Mai hoto ne ya kamata ya karɓe saitin ya riƙe da hannu.

Hasken_Dare:
Ku daina ɗora mana laifi mu kaɗai. Ka ba mutum hotonsa da kalarsa ta gaskiya, ya dawo maka da shi ya ce ka sa shi ya yi duhu, ba zai cika kuɗi ba sai ka gyara. Wasu ma ba sa dawowa, manhajar waya suke sawa su wanke shi, sannan su rubuta sunanka a ƙasa. Ni na gaji da jayayya, abin da mai kuɗi ya ce shi nake yi.

Zinariya_Baƙa:
Wanda ya roƙa daban, Malam. Ni ina maganar wadda ba ta roƙa ba. Ka taɓa tambayar wata kafin ka taɓa mata fata?

Anti_Mai_Kyamara:
Amsa mata, Hasken_Dare. Ni ma ina son in ji.