Shawarwarin 'yan kasuwar Gusau kan kauce wa kuɗin haram

A zaman tattaunawar da wasu dillalan zinari da na motoci suka yi a Gusau, shawarar da aka fi nanatawa ita ce ɗan kasuwa ya san wanda yake ciniki da shi. Ya nemi lambar NIN ko takardar rajistar kamfani ta hukumar CAC, kuma idan wani ya zo a madadin wani, ya tambaya har sai ya gano ainihin mai kuɗin. Wannan ya fi shafar masu sayen zinarin yankin Anka da Maru, inda kaya ke bi ta hannaye da yawa, kuma ba wuya dukiyar 'yan bindiga ta shiga ciki ba tare da mai saye ya ankara ba.

An tunatar da mahalarta cewa dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta haramta biya ko karɓar tsabar kuɗin da ya wuce naira miliyan 5 ga mutum, ko miliyan 10 ga kamfani, sai dai ta hanyar banki, kuma masu sana'o'i irin dillancin zinari da na motoci wajibi ne su yi rajista da SCUML, sashen hukumar EFCC mai sa ido kan halatta kuɗin haram. A ajiye takardun ciniki aƙalla shekara 5.

Batun takunkumi shi ne wanda, a ganina, aka fi yi wa sakaci. Kafin a kulla babban ciniki, a duba sunan mutum a jerin waɗanda aka hana hulɗar kuɗi da su, wanda kwamitin takunkumi na Nijeriya da Majalisar Ɗinkin Duniya ke fitarwa. Idan ciniki ya jawo shakku, a kai rahoto ga hukumar NFIU mai tattara bayanan sirri kan hada-hadar kuɗi, kuma kada a sanar da wanda ake zargi.