Neman shawara: ina so in ba ƙanina kayan gyaran gida gudummawar aure

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanina mai bi mini ne zai yi aure bayan ƙaramar Sallah, ya kama haya a Rijiyar Zaki a nan Kano, ɗaki biyu da falo. Na ware naira 150,000 ta gudummawa, kuma ba na son in sayi kula ko filas. A nawa auren kuloli 9 aka tara min, har yau wasu suna cikin kwali, amma satinmu na farko hannun ƙofar banɗaki ya cire, muka kwana huɗu muna tokare ta da bokiti saboda babu ko sukundireba a gidan. Shi ya sa na yi tunanin in haɗa masa akwatin kayan gyara, su guduma da filaya da injin huda bango. Abin da ke damuna biyu ne. Ban san wanne ne mai amfani ba, wanne ne na ado. Sannan ina tsoron dangi su ce babbar yaya guda ta kawo wa ango ƙusa da guduma. Akwai kuma ɗan kawunmu da ke Amurka, ya ce zai aiko da injin hudar daga can. Don Allah masu sani ku taimaka.

Baban Hanif:
Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya sanya alheri. Ni kafinta ne, kuma aikin kafin amare na cikin abin da nake ci da shi, don haka zan faɗa miki abin da nake gani da idona. Kada ki sayi akwatin nan da ake rubuta masa guda 100 ko 150 a jiki. Rabin abin da ke ciki ba zai taɓa ɗauka ba, kuma ƙarfen ba shi da ƙwari. Sukundirebansu da zarar ya haɗu da noti mai taurin kai sai bakinsa ya lanƙwashe, ya cinye kan notin, daga nan sai an kira irinmu. Ki tsinto ɗaya bayan ɗaya. Guduma mai kunne biyu ta cire ƙusa. Sukundireba mai faɗin baki da mai tauraro, babba da ƙarami. Filaya mai roba a hannu. Sifana mai daidaitawa guda ɗaya, ita ce za ta kama kan famfo da notin gado. Tef na awo mai mita 5. Sai alanki, wato ɗan ƙarfen nan mai lanƙwasa da ake zura wa a kan noti, wannan kada ki manta da shi, domin gadaje da sif na zamani da shi ake ɗaure su, kuma bayan wata biyu uku gado kan fara ƙara, abin da yake buƙata kawai a ƙara matse shi.

Ki je kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Sabon Gari, amma ki tafi da wanda ya san hannu. Ingco da Total sun wadata a kasuwa kuma sun ishi aikin gida. Bosch da Makita sun fi su, sai dai tsada, ga jabu da yawa. Ki ɗaga kayan ki ji nauyinsu a hannunki. Filayar kirki idan kin rufe bakinta kin ɗaga ta sama, ba za ki ga haske yana ratsa tsakanin haƙoran yankanta ba.

Hajiya Babba:
'Yata, ni dai ban goyi bayan ki tsaya a nan kaɗai ba. Biki na mata ne, kuma ido ake yi wa. Ke ce babbar yaya, amarya za ta so ta ga abin da za ta ce wannan daga yayar mijina ne. Ki rage wani abu ki saya mata turmin atamfa mai kyau ko turaren wuta, ki kai mata da hannunki. Kayan ƙarfen kuma ki ba ɗan'uwanki tsakaninku, ba sai an baje su gaban jama'a ba. Kin ga kin fita kunyar kowa.

Injiniya Abu Sadik:
Maganar injin da za a aiko daga Amurka ce ta sa na tsaya. Wutarsu ta gida bolt 120 ce, tamu 230. Idan mai waya ne, ana jona shi a soket ɗinmu zai ƙone. Idan mai batir ne, a duba jikin cajar: in an rubuta 100 zuwa 240 babu matsala sai dai a sauya bakin fulogi, in 120 kaɗai aka rubuta to sai da taransifoma, kuma ranar da batirin ya mutu samun irinsa a nan wahala ne. Ni shawarata ya turo kuɗin a saya a Kano.

Ki ɗauki mai batir, bolt 18 ko 20, mai batir biyu, saboda ba kullum ake da wuta ba lokacin da ake son aiki. Ki tabbata yana da alamar guduma a wuyansa, wato yana huda yana bugu, in ba haka ba katako da ƙarfe kawai zai iya, bangon bulo zai gagare shi. A haɗa da bakin huda kankare mai lamba 6 da 8, da fakitin fisha, wato robar nan da ake cusawa a ramin kafin a ɗaura sukuru. Mutane suna buga ƙusar kankare su rataye sandar labule, filasta ta ɓare, bayan wata guda labulen ya zubo. Fisha ba ta yin haka, kuma a gidan haya ramin da ta bari ƙarami ne, ranar tashi ɗan siminti ya toshe shi.

Abu ɗaya ki gaya masa da bakinki: kada ya huda bango daidai saman soket ko makunni, ko ƙasansu, domin ta nan aka fi binne waya. Ki saka masa testa, wato sukundireban gwada wuta, da baƙin salatif na wuta. Canza ƙwan fitila da fis na fulogi zai iya, amma abin da ya shafi mita ko babban akwatin wuta ya kira mai aikin.

Ummu Khalifa:
Anti ki ƙara da tsani mai ninkewa, mai hawa 5 ko 6. Ina da cikin wata bakwai na hau kujerar roba zan sa ƙwan fitila a kicin, ƙafarta ta buɗe. Allah ne ya tsare, gwiwa kawai na daka. Tun ranar maigida ya sayo tsani, kuma ni na fi shi amfani da shi, daga share yana zuwa goge fanka lokacin hunturu. Sannan a nuna wa amarya inda akwatin yake, ita ce a gida da rana lokacin da famfo ke ɓallewa.

Malam na Kaduna:
Ban ga wanda ya ambaci gas ba. Amaren yanzu kusan kowacce da tukunyar kilo 12.5 take tarewa. Ƙaramar tukunyar kashe gobara mai hoda, kilo 1 ko 2, a rataye ta kusa da ƙofar kicin, ba a bayan murhu ba. A nuna musu yadda ake shafa ruwan sabulu a mahaɗar tiyo, in ya yi kumfa to gas na fita. Sai farin tef na famfo, wanda ake naɗawa a mahaɗa don kada ruwa ya yi yoyo, guda biyu uku, kuɗinsa kaɗan ne.

Baban Hanif:
Na manta maganar lokaci, Hajiya. Ki kai kayan kafin ranar jere, ba bayan walima ba. Ranar nan ce ake neman guduma ido rufe: ga labule, ga madubi, ga agogon bango, ga kantar kicin, mata sun cika gida kowa na cewa a aro a maƙwabta, alhali ba a ma san maƙwabtan ba tukuna. Kuma ki sa a rubuta sunansa da fenti a jikin kowanne, don kayan gyara aro ne ke cinye su.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kira ɗan kawun namu, ya yarda zai turo kuɗin injin, don haka nawa zai ishi sauran har da tsani da tukunyar gobara. Hajiya Babba na ji maganarki, zan fitar da kuɗin atamfar amarya daban. Ranar Asabar zan shiga Ƙofar Ruwa da mai gyaran wutar gidanmu. Malam Baban Hanif, tambaya ɗaya ta rage: akwatin da za a zuba su, na roba ko na ƙarfe?

Baban Hanif:
Na roba mai kauri, mai wurin sa kwaɗo. Na ƙarfe yana tsatsa da damina, kuma nan da shekara biyu in Allah ya kawo rabo akwai ƙananan hannaye da za su so buɗe shi.