Wa ya taɓa shiga jirgin sama da turombon?

Mai busa a fanfar (ƙungiyar masu busa ƙahonin ƙarfe), Garwa:
Salamu alaikum 'yan uwa. An gayyaci ƙungiyarmu wasa a Yaunde, kuma wannan karon ta sama za mu bi, ba motar Ngaundare da jirgin ƙasan dare da muka saba ba. Masu turampet hankalinsu kwance. Ni mai turombon, dogon ƙahon nan da ake jan bututunsa, ni ne abin ya tsaya wa: akwatina ya kusa mita ɗaya, jakar hannu kuwa yawancin kamfanoni ba sa yarda tsawonta ya wuce santimita 55. Wanda ya taɓa yi, don Allah ya faɗa mana yadda ta kaya.

Tsohon mai busa na soja, Njamena:
Wa alaikumus salam ƙanena. Na yi yawo da wannan ƙarfe tun kana goye. Mutane suna tsoron dukan da akwati zai sha daga waje, ni kuwa ɓarnar da na fi gani daga ciki take fitowa. Sa turombon ɗin, ka rufe, ka ɗaga akwatin kusa da kunnenka ka girgiza. In ka ji ko ƙwas, ba ka gama shiri ba.

Wuri biyu ne abin tsoro. Na farko kulis, wato bututun da kake ja. Bututu biyu ne cikin biyu, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kaurin farce ba, saboda haka lotsawar da sai ka kai ta hasken rana za ka gan ta ta isa ta sa hannunka ya riƙa cijewa tsakanin matsayi na uku da na huɗu cikin wurare bakwai da ake tsayar da kulis. Na biyu mazurari, faffaɗan bakin nan. In akwati ya faɗo a tsaye, nauyin kayan duka a kan leɓen mazurarin yake sauka, sai ya tattare. Maganinsa mai arha ne. Nemi robar ruwa babba wadda babu komai ciki, ka rufe murfinta tam, ka naɗe ta da tsumma, ka tura ta cikin mazurarin har gindinta ya ɗan fito ya taɓa bangon akwati. Duka in ya zo, maƙogwaron ƙahon ne zai karɓa, can ƙarfen ya fi ƙwari. Sauran guraben ka cike da singileti da safa, amma kada ka danna har murfi ya riƙa matse kulis.

Ambushir kuma, ƙaramin kan da kake sa wa leɓe, cikin safa, cikin aljihunka. Shi ne ɓarawon cikin gida: in ya kuɓuce a akwati, kafin a sauka ya bi jikin kayan da ƙwanƙwasa.

Malamar kiɗa a wata makaranta, Marwa:
Baba ya gama magana a kan shiri. Ni abin da zan ƙara, daga Salak, filin jirgin Marwa, na tashi da turombon ɗin ɗalibaina, kuma na lura shigarsa ciki ya danganta da irin jirgin da kuma wanda ka tarar. A babban jirgi irin Boeing 737 akwatin siriri yana kwanciya a durowar sama in ka riga mutane shiga. A ƙaramin mai farfela kuwa durowar ba ta da zurfi, a gindin matakala aka karɓe mini shi. Na roƙi ma'aikacin ya sa shi a ƙarshe, a saman kaya, ya kuma miƙo mini da hannu in mun sauka. Ya yi. Je da wuri, rataye shi a kafaɗa, yi gaisuwa kafin ka buɗe zancen. Gardama a gaban layi ba ta taɓa shigar da kayan kowa ba.

Ɗan Kusiri mai zama Faransa:
Malama, sa'a kika taka. Ni shawarata ga ɗan uwa, ya shirya kayan kamar ƙasa za a jefa su ko da an yi masa alkawarin ciki. Jakar yadi mai soso ta babur ce da zuwa biki, ba ta jirgi ba. Wani kamfani ya ce mini ba matsala a wajen awon kaya, a bakin ƙofa aka ce jirgi ya cika. Sun manna takardar nan mai hoton kofin gilashi, ta taga ina kallo aka ɗora wata ƙatuwar jaka a kai. Da na buɗe, leɓen mazurarin ya naɗe gefe ɗaya.

Ku riƙe wannan: a buɗe akwati tun a ɗakin karɓar kaya, kafin a fita. In akwai ɓarna, a je teburin ƙorafin kaya a cike takarda nan take. A tafiya tsakanin ƙasashe, yarjejeniyar Montreal ta 1999 kwana 7 kacal ta ba fasinja ya kai kuka a rubuce, kuma diyyar tana da iyaka, ba lalle ta kai kuɗin kaya mai tsada ba. Ta cikin gida irin Garwa zuwa Yaunde, ka karanta sharuɗɗan tikitinka. Ka ɗauki hoton kayan da lambar da ke jikinsa kafin ka rufe. Hoton ne ya sa ni aka saurare ni.

Mai kakaki a fada, Ngaundare:
Allah ya ba ku haƙuri, ni ba ɗan fanfar ba ne, amma ciwonmu ɗaya. Da aka tafi da mu wasan al'ada, na raba kakakina gaɓa-gaɓa, na naɗe kowace da tsohon rawani, na zura siraran cikin bututun roba na masu aikin famfo, aka toshe bakin biyu. Ko an taka ba ya lotsewa. Na ga wani mai turombon ya yi wa kulis ɗinsa haka da bututu mai faɗi, ya shiga da shi a hannu, mazurarin ya bi kaya.

Ɗan Kusiri mai zama Faransa:
Ranka ya daɗe, dabarar ta yi. Sai dai kada a liƙe bakin da gam, masu bincike za su ce a buɗe.

Malamar kiɗa, Marwa:
Tunda an zo kan bincike: man kulis da 'yar kwalbar fesa ruwa kada su wuce mililita 100 in a hannu suke. Zubar da ruwan, ka cika in ka isa. Man kuma a ƙulle shi a leda, don akwatin da ya jira a kan kwalta a zafin Garwa na watan Afrilu, man narkewa yake ya bi rigunan da ka cusa. In suka ce a buɗe, ka nemi izini ka fito da shi da hannunka. Wanda bai san kayan ba ta kulis yake kamawa, don nan ne ya fi daɗin riƙo.

Tsohon mai busa na soja, Njamena:
Haka ne 'yata. Kuma in an isa, kada a hau ja. A kwance kulis, a goge ciki da waje, musamman lokacin hunturu da ƙura ke shiga ko'ina, sannan a gwada shi a bushe, a hankali, daga matsayi na ɗaya zuwa na bakwai. In ya cije, a ajiye. Wani yaronmu ya kai nasa wurin mai gyaran radiyeta, mutumin ya zura rodi ya buga, lotsawa ɗaya ta zama uku. Mazurarin da ya tattare zai yi muni amma zai busu, ka yi wasanka da shi haka nan. Kulis kuwa sai mai sandunan gyara daidai awonsa, kuma masu su ba su da yawa a wajenmu. Tunda Yaunde za ka, tambayi 'yan fanfar ɗin can wa ke yi musu gyara, ka karɓi lambarsa tun kafin ka tashi.